George Percy Bargery: Mutumin da ya tattara kalmomin Hausa a ƙamus

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama da takardar Turanci a gabansa, kalma ɗaya ta tsaya masa a wuya, yana neman takwararta a Hausa, to ya ɗanɗani kaɗan daga aikin da George Percy Bargery ya shafe shekaru yana yi.

An haife shi a Exeter ta ƙasar Ingila a 1876. Ya iso Arewacin Nijeriya a 1900 a matsayin ɗan mishan na ƙungiyar CMS, ya yi kusan shekara goma kafin rashin lafiya ta mayar da shi gida. Da ya murmure sai ya dawo, wannan karon a sashen ilimi na gwamnatin mulkin mallaka.

A 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, aka ɗora masa nauyin haɗa ƙamus. Aikin bai fito ba sai 1934, lokacin da maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi: shafi fiye da 1,200, kalmomi kimanin 39,000, da fihirisar Turanci zuwa Hausa a ƙarshe. Bai tsaya ga Hausar Kano kaɗai ba. Ya nuna wadda ta Sakkwato ce, wadda ta Katsina ce, ya kuma yi wa kalmomi alamar karin sauti, domin a bambanta masu rubutu ɗaya amma ma'ana daban. Wanda ya buɗe shi don neman Hausa sau da yawa yakan tashi da sabon Turanci, saboda wajen fassara launin dawaki, sunayen tsirrai da kayan saƙa, dole ta sa Bargery ya tono kalmomin da Bature ma ba kullum yake jin su ba. Sai dai malaman Hausawa da suka zauna da shi suna warware masa ma'anoni ba su samu rabonsu na suna ba, kuma wannan aibi ne na zamanin.

Daga baya ya koyar da Hausa a makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan har 1947.

A 1953, yana ɗan shekara 77, ya sake komawa Kano don jagorantar gyaran fassarar Sabon Alkawari. Nan ne aikinsa ya shafi Kudancin Kaduna. A Kafanchan, mahaɗar jiragen ƙasa, da Kagoro da Kwoi, inda Bajju, Atyap, Ham da Agworok kowa ke da harshensa, Hausa ce ta zama harshen wa'azi da kasuwa, don haka zaɓen kalma ɗaya a fassara yana iya sauya abin da dubban masu ibada za su fahimta.

Ya koma Ingila a 1957, ganinsa ya yi rauni ƙwarai. Ya rasu a 1966, watanni biyu kafin ya cika shekara 90.