Alhaji Mamman Shata Katsina

Idan damina ta wuce, manoman Dandume suka gama kawar da amfanin gona, sukan zauna a ƙofar gida da maraice su yi ta hira. Wani lokaci hirar takan gangaro kan makaɗa da mawaƙa. Wannan ya ce shi Musa Ɗanƙwairo ne gwaninsa, wancan ya ce shi kam sai Ɗan Maraya Jos mai kuntigi. Kowa da nasa gwani. Amma da wuya a tashi daga irin wannan gardama ba a ambaci Mamman Shata ba, wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe a Funtuwa, kusa da su. To, ga labarinsa.

An haifi Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Sunansa na yanka Muhammadu, sunan mahaifinsa kuwa Ibrahim Yaro. Bai shiga makarantar boko ba, karatun allo aka sa shi kamar sauran yaran zamaninsa. Da ya ɗan tasa sai ya kama tallar goro, daga baya ya koma sayar da alewa. Amma ciniki bai karɓe shi ba, gama hankalinsa yana dandali, inda samari da 'yan mata ke taruwa da dare ana kiɗa ana waƙa. Ba a daɗe ba ya fi duk tsararrakinsa murya da azanci.

Mahaifinsa bai so haka ba ko kaɗan. A wancan zamani kiɗa da waƙa gado ne, ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi, su kuwa gidansu ba su gaji roƙo ba. A ganin uban, wanda ya tsaya gaban jama'a yana waƙa ana ba shi kuɗi ya zubar da girman gidansu. Ba mugunta ya nufi ɗansa da ita ba, mutuncin zuriyarsa yake karewa bisa ga al'adar lokacin. Shi ma Shata da fari ba don kuɗi yake yi ba, sha'awa ce kurum. Amma baiwar da Allah ya yi wa mutum ba ta ɓoyuwa.

Daga Musawa sai ya koma Bakori, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, wurin ubangidansa Abdullahi Inde. Wannan yanki ƙasar auduga ce. Idan kaka ta yi, manoma suka kai audugarsu kasuwa aka auna, sai kuɗi su shigo hannu, a yi ta bukukuwan aure, a nemi mawaƙa. A nan Shata ya sami filin gwada gwanintarsa. A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi wani babban bikin 'ya'yan sarki a Kano. Shata ya je ya yi wasa, tun daga ran nan sunansa ya bazu ko'ina.

Da kalangu ake yi wa Shata kiɗa. Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu, an rufe bakinta biyu da fata, an ɗaure da tsarkiya. Makaɗi yakan rataya ta a hammata, in ya matsa tsarkiyar sai muryarta ta hau, in ya saki ta sauka, har ta yi kamar mai magana. A da an fi sanin kalangu wajen mahauta. Shata ne ya ɗaukaka shi har ya shiga fadar sarakuna.

Abin mamaki ga Shata shi ne, ba ya rubuta waƙa. Yakan tsaya a fili, makaɗa da 'yan amshi suna bayansa, ya dubi jama'a, nan take ya shirya baitoci. Saboda haka in ya sake rera waƙa a wani gari, sai a ji ya ƙara wani abu sabo. Wannan ne ya sa ganin wasansa ido da ido ya fi sauraren faifai armashi. Duk da haka faifan garmaho da gidan rediyon Kaduna da kaset su suka kai muryarsa ƙauyukan da bai taɓa takawa ba, daga baya kuma aka riƙa nuna shi a talabijin.

Ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya yi wa manoma da direbobi. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa zuciyar soja. Har kumbon da Amurkawa suka harba zuwa duniyar wata a 1969 sai da ya yi masa waƙa. Wadda ta fi shahara cikin waƙoƙinsa ita ce Bakandamiya, inda yake yi wa kansa kirari. Amma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Shata yana da kaifin harshe, in ya yi wa mutum zambo yakan bi shi har tsawon rayuwarsa, don haka masu jin tsoron bakinsa suna da yawa.

Gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girmamawa ta MON. A shekarar 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ga mutumin da bai taɓa zama a aji ba, ga shaihunan malamai sun taru suna karrama shi, saboda hidimar da ya yi wa harshen Hausa.

Da wa'adi ya cika, Allah ya yi masa rasuwa a asibiti a Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999. Aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka binne shi a can. Allah ya jiƙansa.

To, kun ji labarin Shata. Sana'ar da aka raina a ƙuruciyarsa ita ce ta jawo masa girma da ya manyanta, domin ya riƙe ta da gaske har ya gwanance. Saboda haka kada ku yi saurin yanke wa mai sana'a hukunci don abin da kuka ji ana faɗa a bakin hanya. Ku fara duban aikinsa tukuna. In kuwa kuka ji an sa waƙar Shata, ku kasa kunne, za ku tsinci Hausar da ba kullum ake jin irinta ba.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Shata, kuma a wace shekara?
2. Don me mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba?
3. Yaya makaɗi ke sauya muryar kalangu?
4. Me ya sa ganin wasan Shata ya fi sauraren faifai armashi?