Baba Simon: Fadan Da Ya Yi Shekara 16 A Duwatsun Mandara Ba Takalmi

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Marwa zuwa Mora da Banki ya san duwatsun da ke yamma da titi. A gindinsu garin Tokombere yake, inda wani limamin Katolika ɗan kudancin Kamaru ya yi shekarun ƙarshe na aikinsa. Sunansa Simon Mpeke, amma mutanen yankin Baba Simon suke ce masa.

An haife shi a 1906 a ƙauyen Batombe kusa da Edea. Iyayensa manoma ne 'yan ƙabilar Bakoko, masu bin addinin gargajiya. An yi masa baftisma a 1918, ya taɓa aikin koyarwa, sannan ya shiga makarantar horar da limamai. Ranar 8 ga Disamba, 1935 aka naɗa shi Fada, yana cikin mutum takwas na farko 'yan ƙasar Kamaru da suka kai wannan matsayi.

A 1947 aka tura shi unguwar New-Bell a Duwala, unguwar baƙi wadda Hausawa fatake suka daɗe da sani. Cocinsa ya cika ya batse, sunansa ya yi tambari. Wani da ya samu haka sai ya miƙe ƙafa. Shi kuwa, bayan ya saba da mabiyan tafarkin Charles de Foucauld, Bafaranshen nan da ya zauna cikin Buzaye a hamada yana rayuwar talauci, sai ya nemi izinin tafiya arewa. A watan Fabrairu na 1959, yana da shekara 53, ya bar Duwala. Bishop Yves Plumey na Garwa ne ya karɓe shi, domin a lokacin duk arewacin ƙasar na ƙarƙashin Garwa. Ya fara zama a Mayo-Ouldeme, daga baya ya koma Tokombere, inda likita Giuseppe Maggi ya buɗe asibiti.

Sai mai karatu ya san halin da ya tarar kafin ya gane nauyin aikin. Mutanen dutse, irin su Mada da Muyang da Zulgo da Uldeme, sun sha harin masu kamen bayi tun kaka da kakanni, har zuwa zamanin Hamman Yaji na Madagali. Mutanen ƙasa na kiransu Kirdi, wato arna, sunan da babu komai cikinsa sai raini. Su kansu ba su bar juna ba, gaba da ramuwar gayya tsakanin dutse da dutse ba ta ƙarewa.

Koyarwar Katolika ita ce kowane ɗan Adam halittar Allah ne mai daraja, ransa ba abin taɓawa ba ne. Baba Simon bai tsaya faɗin haka a bagade ba. Ya tuɓe takalmi kamar yadda talakawansa ke yawo, ya riƙa hawa duwatsu yana zama da dattawan da ke jagorantar ibadar gargajiya. Bai rushe musu wurin bauta ba, domin ya fahimci sun riga sun san Allah ɗaya Maɗaukaki. Da Musulmin yankin ma zaman mutunci ya yi.

A ganina, babban makaminsa makaranta ce. Ya tara 'ya'yan ƙabilun da iyayensu ba sa ga-maciji, suna cin tuwo a kwano ɗaya, suna kwana ɗaki ɗaya. Yaron da ya tashi haka, da wuya ya ɗaga mashi a kan abokin karatunsa. Fada Jean-Marc Ela, wanda daga baya ya shahara a rubuce-rubuce kan talakan Afirka, ya yi aiki tare da shi a can.

Da jiki ya gaza, aka kai shi Faransa magani. Ya dawo gida, ya rasu a Edea ranar 13 ga Agusta, 1975, a can kuma aka binne shi. A shekarar ce Fada Christian Aurenche, wanda likita ne, ya iso Tokombere ya ɗora daga inda ya tsaya.

Cocin Katolika ba ya gaggawar kiran mutum waliyyi. Sai an bi rayuwarsa dalla-dalla, an saurari shaidu, an aika takardu Roma. Ranar 20 ga Mayu, 2023 Fafaroma Francis ya amince cewa Baba Simon ya rayu da nagarta ta musamman, abin da ya ba shi matsayin abin girmamawa. Mataki na gaba, wato a kira shi mai albarka, a ƙa'idar cocin sai an tabbatar da mu'ujiza guda da aka samu ta roƙonsa.