Alfred Sisley: Baƙo a Ƙasar Haihuwarsa

An haifi Alfred Sisley a birnin Paris a 1839, amma iyayensa Turawan Ingila ne. Sana'arsa zanen ƙauyuka. Ko ana tsakiyar hunturu, yakan ɗauki fenti ya fita fili, ya zana hanyoyin ƙauyen Louveciennes da dusar ƙanƙara ta rufe.

Yaƙin 1870 ya karya arzikin mahaifinsa, tun daga nan talauci bai sake shi ba. Ya nemi zama ɗan ƙasar Faransa, bai samu ba. Ya rasu a 1899 yana baƙo.

Da shekara ta zagayo, aka sayar da zanensa guda a kan faran 43,000. To jama'a, kun ji kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.