Norbert Wiener: Masanin lissafin da ya nemi a mayar da nufi cikin nazarin halayyar ɗan Adam

An haifi Norbert Wiener ranar 26 ga Nuwamban 1894 a garin Columbia da ke jihar Missouri ta Amurka. Mahaifinsa, Leo Wiener, wanda daga baya ya zama farfesan harsunan Gabashin Turai a Jami'ar Harvard, shi ne ya fara koyar da shi a gida, cikin tsananin da ɗan bai taɓa mantawa da shi ba. Yaron ya shiga Kwalejin Tufts yana da shekara 11, ya kammala digirin farko a lissafi yana da 14, ya samu digirin digirgir daga Harvard a 1913 yana da 18. Ya ƙaro karatu a wurin Bertrand Russell a Ingila, sannan a 1919 ya kama koyarwa a cibiyar fasaha ta MIT, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarar da ya samu digirin nasa, John B. Watson ya kafa wata mazhaba da ta mamaye ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka shekaru da dama. A ganin mabiyanta, abin da masani zai auna biyu ne kawai: abin da ya taɓa mutum daga waje, da martanin da ya mayar. Karen Pavlov ya ji ƙararrawa, miyau ya zubo. Batun nufi ko manufa kuwa, sun bar wa masu falsafa, domin a cewarsu ba a iya auna shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kai Wiener ga wannan muhawara, ta hanyar da ba a zata ba. Daga 1940 ya shiga ƙoƙarin ƙera na'urar da za ta taimaki bindigogin kakkaɓo jiragen sama, tare da injiniya Julian Bigelow. Harsashi yana ɗaukar lokaci kafin ya isa sama, saboda haka dole a harba inda jirgin zai kasance, ba inda yake ba. Na'urar tasu ba ta kai fagen fama ba. Sai dai wajen aikin sun lura cewa matuƙin jirgin da mai harbinsa hanya ɗaya suke bi: kowane yana duba tazarar da ke tsakanin inda yake da inda yake son kaiwa, ya gyara, ya sake dubawa. Duk direban da ya taɓa riƙe sitiyari a titi mai ramuka ya san wannan, domin hannunsa ba ya maimaita motsi ɗaya, amma motar tana kan hanyarta.

Injiniyoyi sun san cewa idan gyaran ya wuce kima, na'ura takan shiga lilo, ta wuce maƙasudi ta dama, ta dawo ta wuce ta hagu. Sai suka tambayi Arturo Rosenblueth, likita ɗan ƙasar Meziko mai bincike a Harvard, ko akwai cutar da ke sa hannun mutum irin wannan karkarwa idan ya miƙa zai ɗauki fensir. Ya tabbatar musu akwai, kuma tana da alaƙa da rauni a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. A 1943 su ukun suka wallafa maƙala mai nuna cewa nufi abu ne da za a iya bayyanawa da lissafi: manufa ce da jiki ke ta kwatanta halin da yake ciki da ita. A 1948 Wiener ya fitar da littafinsa Cybernetics, sunan da ya aro daga kalmar Girkanci mai nufin matuƙin jirgin ruwa.

Shawo kan masana bai zo da sauƙi ba. Tarurrukan Gidauniyar Macy, daga 1946 zuwa 1953, sun haɗa shi da irin su Margaret Mead da Gregory Bateson, waɗanda suka rungumi ra'ayin har suka nemi ya faɗaɗa shi zuwa nazarin al'umma. Abin mamaki, shi ne ya ja da baya, yana ganin alƙaluman da ake da su a kan al'umma ba su isa a gina lissafi mai ƙarfi a kansu ba. Yawancin masana halayya kuwa suka ci gaba da gwajinsu na ɓeraye da tantabaru. Halinsa na saurin fushi ma bai taimaka ba. A farkon shekarun 1950 ya yanke hulɗa da Warren McCulloch da Walter Pitts, abokan aikin da suka fi kowa sanin ƙwaƙwalwa a cikin tafiyar.

Tun 1947 ya shelanta cewa ba zai ƙara ba sojoji sakamakon bincikensa ba, kuma a 1949 ya rubuta wa shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci, Walter Reuther, yana gargaɗin cewa injuna masu sarrafa kansu za su raba mutane da aiki. Ya rasu a birnin Stockholm na Suwidin ranar 18 ga Maris, 1964, yana da shekara 69. Shekara tara bayan haka, injiniya William T. Powers ya wallafa littafin da ya sake gabatar da hujjar ga masana halayya, cewa mutum yana aiki ne domin ya riƙe abin da yake gani da ji a matsayin da yake so.