Pierre Fauchard: Likitan da ya ƙi gaggawar cire haƙori

A nan Zongon Kwatano, da haƙori ya hana mutum barci, shawarar farko ita ce a je a cire shi a huta. Wasu kuma su ce ai tsutsa ce ke cinsa. Shi ya sa yau na kawo muku tarihin Pierre Fauchard, Bafaranshen da ake kira uban likitancin haƙori na zamani.

An haife shi wajen 1678 a yammacin Faransa. Yana saurayi ya shiga rundunar sojan ruwa, inda ya ga yadda ciwon dasashi ke zubar wa matuƙa jirgi haƙora. Bayan ya bar soja ya yi aiki a garin Angers, daga baya ya koma Paris. A 1728 ya fitar da littafinsa, Le Chirurgien Dentiste, mujalladi 2. A ciki ya yi watsi da zancen tsutsa, ya ɗora laifin ruɓewa kan sukari.

Abin da ya fi burge ni shi ne kayan aikinsa. A zamaninsa wanzamai da masu yawon kasuwa ke fizge haƙora. Shi kuwa sai ya ari dabarun masu gyaran agogo da maƙeran zinariya, ya sarrafa ƙananan ƙarafa. Yakan huda haƙori da siririyar allura mugunya ta fita, ya cike ramin da dalma, haƙorin ya zauna a bakin mai shi. Ya rasu a Paris a 1761.

Wannan aikin ne ya zama wanke jijiyar haƙori na yau. Tun daga 1988 aka fara amfani da ƙarafa masu lanƙwasuwa na nikel da titaniyom wajen faɗaɗa ramin saiwa. To amma fa akwai haɗari. Saiwa da yawa a karkace suke, bangonsu siriri. In ƙarfen ya yi kauri ko tauri, sai ya kankare bangon fiye da kima, nauyi ya taru a lanƙwasar, saiwar ta tsage. Saiwa kuwa in ta tsage a tsaye, galibi sai cirewa.

Don haka, jama'a, kafin a taɓa muku saiwa, ku nemi a ɗauki hoton haƙorin, ku kuma tambayi likita ko za a sa masa murfi bayan an gama, musamman turame masu tauna.