Alhaji Abubakar Imam: Ɗan Malaman da Ya Sha Wahalar Alƙalami

Da wuya a sami gidan da aka taɓa sa yaro makaranta a ƙasar Hausa, ba a ji labarin akun nan da ya zama waziri ba, ko na Malam Zurƙe ɗan Muhamman da makircinsa. Mu ma a nan Garun Malam da Kura da Bunkure, da yawa daga cikinmu da waɗannan labaru bakinmu ya faɗa da karatun Hausa. Duk da haka, har yau akwai iyayen da ke ganin karatun ƙagaggen labari ɓata lokaci ne, akwai kuma matasan da ke ɗauka rubuta shi aikin dare ɗaya ne. Rayuwar Alhaji Abubakar Imam tana da abin faɗa wa kowane ɓangare.

An haife shi a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka da allo da tawada ya buɗe ido. Daga baya ya koma Katsina hannun wansa, Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya kuma zama Walin Katsina. Imam ya shiga wannan kwaleji a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ya tashi ke nan da Larabcin gida da Turancin makaranta, ga kuma Hausar Katsinawa a kunnensa. Waɗannan uku su suka zame masa jari.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda ta koma Hukumar Talifi, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Shugabanta, Dokta Rupert East, ya zaga garuruwa yana neman masu rubutu, ya kuwa tarar da cikas. Malaman wancan zamani sun saba da rubuta waƙoƙin wa'azi da tarihi da fiƙihu. Labarin da bai faru ba kuwa, a wurinsu tatsuniya ce, ta mata da yara, ba ta dace da mai rawani ba. Waɗanda suka amsa kiran 'yan kaɗan ne. Cikin littattafan da aka buga a sakamakon wannan yunƙuri akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya rubuta yana da shekara 22. Wa da ƙane daga gidan alƙali suka shiga wannan fage tare, suka nuna cewa ƙaga labari ba ya zubar da mutuncin mai ilimi.

Mai karanta Ruwan Bagaja dariya yake sha. Yana bin Alhaji Imam gari gari wajen neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, suna ta haɗuwa da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama. Amma masu nazari sun daɗe da nuna cewa tushen wannan tsari yana cikin littafin da almajiran ilimi suka sani a zaurukanmu, wato Maƙamatul Hariri. Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ya tsara maƙama 50 a kan wani matafiyi da ke ta cin karo da hatsabibi mai zaƙin baki a garuruwa daban daban, kuma malamanmu suna karantar da ita don ƙwarewa a lugga. Ashe dariyar da yaro ke yi a aji, jijiyarta tana zauren malam.

Babban aikin ya zo a 1936, lokacin da aka aro Imam daga Katsina zuwa Zariya na kimanin wata shida domin ya rubuta littafin karatun makarantu. Aka jibge masa littattafai na Gabas da na Yamma: Alfu Laila wa Laila, da Kalila wa Dimna, da labarun aku na ƙasar Indiya, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da wasunsu. Aikinsa shi ne ya karanta, ya zaɓa, ya narkar, ya sake ƙerawa, har labarin da aka haifa a Bagadaza ko a Turai ya koma kamar a bakin kasuwar Katsina ya faru. Sai ya canza sunaye da sutura da abinci, ya nemo karin maganar da ta dace, ya kuma ɗinke labaru fiye da 80 a cikin labari guda na Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da jikansa Mahmudu da akun da ke riƙe su da zance. East kuma yana bi yana gyara. Imam da kansa ya ambaci wasu ƙa'idodin da ya koya a wurinsa: kada a bar macuci ya ci nasara a ƙarshen labari, kada a juya maganar wani harshe kalma da kalma, kada kuma marubuci ya yarda da rubutunsa na farko sai ya sake dubawa. Daga wannan zama aka sami Magana Jari Ce, juzu'i uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Mu da muke zaune a bakin ruwan Kadawa ba mu buƙatar dogon bayani a kan wannan. Wanda ya sayi kwandon tumatir a Kwanar Gafan, ja da sheƙi kawai yake gani. Bai ga ruwan da ya taso tun daga madatsar Tiga ba, bai ga yasar hanyar ruwa da dashe da ban ruwan asuba ba. Haka shafin da ke gudu a bakin mai karatu: sauƙinsa shaida ce ta wahalar da aka sha a kansa.

Akwai wata gaskiyar kuma game da sana'ar rubutu, wadda rayuwar Imam ta bayyana. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne kuma editanta na Hausa na farko, ya yi kimanin shekara 12 a kan wannan kujera. Jarida ba ta jiran ilhama, ranar fitowarta ba ta ɗagawa. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga, ya faɗa masa matsalolin Arewa, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga nan siyasa da aikin gwamnati suka ja shi, ya zama ɗan majalisa a farkon shekarun 1950, ya kuma yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Mutumin da ya fi kowa iya ba da labari a zamaninsa bai sake samun sukunin rubuta wani ƙagaggen littafi mai girman Magana Jari Ce ba. Hidimar jama'a ta cinye lokacin.

Sai dai alƙalamin bai bushe ba, fuska ya sauya. A 1953 ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai a Ikko kan a kafa ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda, ya sauke farali a shekarar, ya kawo rahoton halin da maniyyata ke ciki. Ya rubuta littafi kan aikin Hajji, da tarihin Manzon Allah (SAW), da na Sayyidina Abubakar (RA), duk da irin sassauƙar Hausar da ya goge a wajen ba da labari. Ya kuma haɗa kai da East suka rubuta Ikon Allah, mai bayanin halittu da al'amuran duniya ga 'yan makaranta. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa a 1968. Allah Ya karɓi ransa a Zariya ranar Juma'a, 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70.

Ga iyaye, abin lura shi ne labari ƙwarya ce, abin da aka zuba mata shi ake sha. Tun daga shekarun 1980 da littattafan kasuwar Kano suka yawaita, zuwa yau da ake karanta labaru a waya, akwai mai kyau akwai gurɓatacce. Hana yaro karatu ɗungurungum ba ya raba shi da son labari, sai dai ya koya masa ɓoyewa. Abin da ya fi shi ne mu san abin da ke hannunsa, mu karanta tare da shi, mu tabbata bai ci lokacin salla da hadda da aikin gida ba.

Ga ɗalibai masu sha'awar rubutu kuwa, Imam ya yi karatu mai yawa kafin ya yi rubutu, ya miƙa aikinsa ga mai gyara bai ji girman kai ba, ya kuma san cewa abin da hannu ya rubuta amana ce da za a tambayi mai shi. Shekara fiye da 80 ke nan ana buga littattafansa ana karantawa. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa abin da ya bari mai amfani ya zame masa sadaka mai gudana.