Robert Schuman, mutumin da ya sasanta Faransa da Jamus

Yau tarihinmu ya leƙa Turai. Sau uku Faransa da Jamus suka gwabza yaƙi: 1870, 1914 da 1939. To, wa ya kashe wannan wutar? Cikin na gaba-gaba akwai Robert Schuman.

An haife shi ran 29 ga Yuni 1886 a Luksamburg. Mahaifinsa ɗan yankin Loren ne, wanda Jamus ta ƙwace daga Faransa a 1871, shi ya sa yaron ya tashi da takardun Jamus. A jami'o'in Jamus ya karanta shari'a, ya zama lauya a birnin Metz. Da yankin ya koma hannun Faransa bayan yaƙin duniya na farko, sai ya zama Bafaranshe, aka zaɓe shi depite a 1919.

Schuman Kirista ne ɗan ɗarikar Katolika, mai yawan ibada, bai taɓa aure ba. A 1940 ƴan Nazi suka kama shi. Ya tsere a 1942, ya riƙa ɓuya a gidajen masu ibada.

Wanda aka yi wa haka, ai kowa zai ce ramuwa zai nema. Amma addininsa ya koya masa yafiya. Ran 9 ga Mayu 1950, yana ministan harakokin waje, ya gabatar da shawarar da suka tsara da Jean Monnet: a haɗa gawayin ƙasa da ƙarfen ƙasashen biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Kun ga hikimar? Da waɗannan ake ƙera makamai, in suna hannu ɗaya ba mai shirya yaƙi a ɓoye.

Ya samu abokan tafiya, Adenauer na Jamus ta Yamma da De Gasperi na Italiya. Dukansu ƴan Katolika ne, kuma duka ukun suna jin Jamusanci, abin da ya sauƙaƙa yarda tsakaninsu. A 1951 ƙasashe shida suka sa hannu: Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holand da Luksamburg. Daga nan Tarayyar Turai ta samo tushe.

Sai dai kar mu manta, lokacin Nijar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, sai 1960 muka samu ƴanci.

Schuman ya rasu ran 4 ga Satumba 1963 kusa da Metz. Har yau ran 9 ga Mayu ita ce Ranar Turai.